Zancen Iyali: "Aiki Da Godiya"

In an tambayi Bahaushe, "Ina aiki?" amsarsa ɗaya ce, "Aiki da godiya." Manomi haka yake cewa, malamin makaranta haka, akawu ma haka. Amma dukanmu mun sani ba kowa ne yake faɗar wannan magana daga zuciyarsa ba. Wani yana faɗa fuskarsa a sake. Wani kuwa bakinsa ne kaɗai ya faɗa, zuciyarsa tana lissafin kwanakin da suka rage wata ya mutu. A wannan wata muna so mu duba abin da yake sa mutum ya gamsu da aikinsa, ko ana biyansa, ko kuwa shi ne ya sa kansa. Za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Haɗeja, gama a can kogi yana koya wa mutane wannan darasi kowace shekara.

A daminar 2020, da kuma ta 2022, ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa. Gonaki sun nutse, gidajen ƙasa sun zube. Sa'ad da kogi ya cika ya doshi garin Haɗeja, mutanen gari suka fita, yawancinsu samari, suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana don su tare ruwan. Ba albashi ne ya fitar da su ba. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya san yadda yake. Laka har gwiwa, sauro ba iyaka, baya kamar zai karye. Duk da haka mutum yakan koma gida yana jin kansa wasai, ya yi shekaru yana ba da labarin daren nan. Ga kuma maƙwabcinsa mai albashi, yana zaune a inuwa, fanka tana kaɗa masa iska, amma kullum ƙorafi yake yi. Me ya kawo haka?

Yadda kogin ya sāke hali

Kafin mu amsa, bari mu bayyana wa waɗanda ba su san ƙasar ba abin da yake faruwa. Kogin Kano da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. In ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama mai faɗi wajen Kiri Kasamma da Guri, har zuwa Nguru a Jihar Yobe. A dā, ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye. Masu shinkafa su shuka, masunta su yi su, makiyaya su kawo shanu in ƙasa ta bushe. Kowa da lokacinsa.

A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama na Challawa. Dam yana da amfani, gama shi ne ya sa noman rani ya bunƙasa, birnin Kano kuma yana shan ruwansa. Amma tun daga lokacin ruwa ya riƙa gudu a kogin rani da damina, wuraren da suka saba bushewa suka daina bushewa. Akwai wata doguwar ciyawa da mutanen wurin suke kira kacala. Ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Sai ta yaɗu ta cika hanyoyin ruwa. In ta cika hanya, ruwa ba ya gudu da ƙarfi, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Ta haka ruwa ya yi yawa a hanyar Marma har yana cinye gonaki, hanyar Burum Gana kuwa ta rasa rabonta, mutanen da suke dogara da ita suka shiga ƙishi. Har wa yau tsuntsayen jan-baki suna kwana cikin kacala, da safe su faɗa wa shinkafa da gero.

Saboda haka yankan kacala ya zama aikin da ba makawa. Wani lokaci ƙauyuka su ne suke yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda. A shekarun 2000 ma an yi wani shiri mai suna JWL, wanda gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa, ya taimaka wajen haɗa kan garuruwan fadamar a kan wannan matsala. Wani lokaci kuma hukuma ce take ɗaukar ma'aikata ko ta kawo inji. Aikin ɗaya ne, ruwan ɗaya ne. Sai dai masu yinsa iri biyu ne.

Mutum biyu cikin ruwa ɗaya

Kacala tana da wani sirri. Saiwarta tana cikin laka, amma ta ganyen da ya fito saman ruwa take shan iska. In ka yanke ta a sama da ruwa, ka yi mata aski ne kawai, ba da jimawa ba za ta sāke tohowa. In ka sunkuya ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sai saiwar ta rasa iska ta yi rauni. Yankan ƙasa ya fi wuya nesa, yana kuma cin lokaci.

To, a ce ga mutum biyu. Na fari gonarsa tana can ƙarshen hanyar ruwan, shekara uku rabonsa da girbin kirki. Na biyu an ɗauko shi daga wani gari, an ce za a biya shi bisa ga tsawon wurin da ya share kafin yamma. Wanne ne zai sunkuya? Kada mu yi saurin zargin ɗan ƙwadagon nan da ha'inci. Ba wanda ya gaya masa inda ruwan zai je. Ba zai ga shinkafar da za ta fito ba. Wanda ya ɗauke shi aiki igiyar awo kaɗai ya nuna masa, shi kuwa ya bi igiya. In ya karɓi kuɗinsa da yamma, ya sami abin cefane, amma bai sami wani abin da zai ba 'ya'yansa labari ba.

Mai gonar nan kuwa, ran da ruwa ya biyo hanyar da suka buɗe ya shiga gonarsa, farin cikinsa ba ya misaltuwa. Ya ga aikin hannunsa da idonsa. Wannan shi ne abu na fari, mun kuma ɗauka shi ne babba. Mutum yana gamsuwa da aiki sa'ad da ya ga inda aikin ya kai da wanda ya amfana. Samarin da suka kwana a kan jinga, gari ya waye suka juya suka ga unguwarsu a tsaye, iyayensu mata suna hura wuta kamar kullum. Wannan shi ne ladansu. Akawu da yawa kuwa suna shekara suna cika takardu, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da takardun suka haifar.

Abin da wani Ba'amurke ya gano

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan tambaya ba. A 1959 wani masani a Amurka mai suna Frederick Herzberg, tare da abokan aikinsa, ya buga sakamakon wani bincike da suka yi a wajen birnin Pittsburgh. Sun tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200. Kowa aka ce ya ba da labarin lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai, da lokacin da ya ji haushinsa ƙwarai. Da suka tattara amsoshin sai suka ga abin mamaki. In mutane suna ba da labarin ɓacin rai, yawanci zancen dokokin kamfani suke yi, da halin shugaba, da wurin aiki, da albashi. In kuwa suna ba da labarin farin ciki, sai su yi zancen wani aiki mai wuya da suka gama, ko yabon da aka yi musu, ko amanar da aka danƙa musu. Wato abin da yake kawar da ƙorafi dabam, abin da yake kawo gamsuwa dabam. Waɗansu masana sun yi masa gardama daga baya, amma mu da muke zaune da mutane mun ga akwai gaskiya a ciki.

Dattawanmu za su tuna da Udoji. A 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi. A 1975 aka biya su har da ariyas. Aka yi ta sayen rediyo da babur, gari ya ɗauki murna. Ba a daɗe ba kayan kasuwa suka tashi, murna ta koma ciki. Wanda yake ƙin aikinsa kafin Udoji, bayan Udoji ma bai so shi ba.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya

Kada wani mai gida ko shugaba ya karanta wannan ya ce, "Madalla, ashe kuɗi ba kome ba ne, sai in riƙa yi wa yarana sannu kawai." A'a. Wanda ya zo aiki don ya ciyar da iyalinsa, hakkinsa na fari shi ne a biya shi abin da aka yi alkawari, a kan lokaci, ba tare da ya yi ta sintiri yana roƙo ba. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Kowace uwar gida da take zuwa kasuwa ta san iyakar inda wannan kuɗi yake kaiwa. Malamin da ya bar yara a gida ba abin karin kumallo, ina zai sami zuciyar jin daɗin koyarwa? Yabo a bakin wanda yake riƙe da hakkinka, zagi ne.

Kuɗi kamar jinga yake. Yana tare ruwan damuwa don kada ya shigo gida. Amma jinga ba ta shuka shinkafa. In an biya ma'aikaci daidai, an cire masa ƙaya ke nan. Sauran kuma sai a nuna masa amfanin aikinsa, a ba shi kayan aiki masu kyau, a saurari shawararsa. Shi ma ɗan ƙwadagon nan na cikin kacala, da an zagaya da shi an nuna masa gonakin da suke jiran ruwa, an bayyana masa dalilin yankan ƙasa, an kuma biya shi bisa ga kyan aiki, da ya sunkuya kamar kowa, ya kuma koma gida da abin faɗa.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Mun lura, wanda yake zuwa a makare ya tashi da wuri, shi ne ya fi kowa ƙorafi. Ba a jin daɗin aikin da aka yi da rabin zuciya.

Kuɗin da yake ɓata gayya

Wajen mai aikin sa kai kuwa, zancen kuɗi yana da santsi. A shekara ta 2000 waɗansu masana biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, suka buga labarin wani gwaji da suka yi a Isra'ila. 'Yan makarantar sakandare ne suke bi gida gida suna tara gudummawa don taimakon mabukata. Aka raba su kashi uku, aka yi wa dukansu jawabi a kan muhimmancin aikin. Kashi na fari ba a yi musu alkawarin kome ba. Na biyu aka ce za a ba su kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na abin da suka tara. Na uku kashi 10 cikin 100. Waɗanda ba a biya ba su ne suka fi tarawa. Masu kashi 10 suka biyo su. Masu kashi 1 kuwa su ne na ƙarshe. Ɗan kuɗin nan ya mai da taimako ya zama ƙwadago, ƙwadagon kuma mai arha.

Mu ma mun taɓa yin wannan kuskure. A wata ekklesiya da muka zauna, akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru tana share ɗakin sujada kowace Asabar, ba wanda ya sa ta. Muna cikin kwamiti a lokacin. Muka ga ya kamata a riƙa ba ta ɗan wani abu a wata, muka yanke ba tare da mun tambaye ta ba, aka rubuta a littafin kuɗi, "ladan mai shara." Daga nan sai waɗansu suka fara nuna mata inda ta bari ba ta share ba. Bayan 'yan watanni ta daina zuwa. Da muka je gaishe ta, muka ce, "Baba, lafiya?" sai ta nuna mana cewa dā kyauta take bayarwa, mu kuwa mun karɓe kyautar daga hannunta mun sa mata farashi, farashin ma bai kai na tsintsiya ba. Mun yi niyyar alheri, amma mun ƙwace mata abin da ya fi mata daɗi.

Wannan ba ya nufin a bar mai sa kai haka nan. Kakanninmu sun san dabarar. Mai gayya ba ya biyan kuɗi, amma yakan dama fura ko kunu, a yi tuwo, a kawo goro, makaɗi yana kiɗa yana kiran sunan wanda ya fi ƙwazo. Kowa kuma ya sani ran da tasa gayyar ta zo, za a zo masa. Ga misali na zamani. Tun daga tsakiyar shekarun 2000, a jihohin arewa da dama har da Jigawa, an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Direbobin tasha suka sa kansu su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti ko da tsakar dare. An koya musu alamun hatsari da yadda ake ɗaukar mace mai ciki. Ba a yanka musu albashi ba. A tashoshi da dama abin da aka yi shi ne, direban da ya kai mace asibiti sai a ba shi lodi ba sai layinsa ya zo ba. Dubi hikimar. An rage masa asarar da ya yi, an kuma girmama shi a gaban abokan sana'arsa. Yaba kyauta tukwici.

Abubuwan da suke kashe zuciya

Akwai abu uku da muka ga suna kashe zuciyar ma'aikaci, ko mai albashi ne ko mai sa kai.

Na fari, rashin adalci. In samari suna cikin ruwa kyauta, sa'an nan suka ji an ba da kuɗin aikin wani ya sa a aljihu, ko kuwa an biya waɗansu a ɓoye an bar waɗansu, to, baɗi in an yi shela ba mai fitowa. Gajiyar jiki tana warkewa da barci. Wadda mutum ya ji an mai da shi wawa ba ta warkewa da sauri.

Na biyu, rashin shawara. Masunci da ya yi shekara 30 yana tuƙa kwalekwale a fadama ya san inda ruwa yake bi fiye da baƙon da ya zo da taswira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka ce masa, "Kai dai yanka nan," ba a tambaye shi ba, zai yanka, amma aikin ya tashi daga nasa ya zama na wani.

Na uku, aikin da ba ya ƙarewa kuma ba a ganin gabansa. In ƙauye ɗaya ya share nasa yanki, na gaba da shi bai share ba, ruwa ba zai wuce ba, kacala kuma ta dawo. Sau biyu sau uku, sai mutane su ce aikin banza ne. Saboda haka shugaba mai hankali yakan yanka aiki daidai ƙarfin jama'a, ya haɗa kai da maƙwabta, don a kai ga ranar da za a tsaya a ce, "Ga shi, mun gama."

Mu koma gida

Watakila wani zai ce, mu ba mu da kogi, ba mu da kacala. Amma kowane gida yana da ma'aikata iri biyun nan. Akwai yarinyar da take taya uwar gida aiki ana biyanta, ko yaron shago, ko mai noma mana gona. Akwai kuma masu aikin da ba a taɓa biya ba, wato uwar gida da take tashi tun da asuba, da 'yar da take ɗebo ruwa, da ɗan da yake kiwon awaki. A ekklesiya ma haka, ga fasto da mai gadi masu albashi, ga malaman makarantar Lahadi da matan zumunta da 'yan kwaya masu sa kai.

Bari kowane mai gida ya tambayi kansa a wannan wata. Wanda nake biya, na biya shi cikakke ran da muka yi da shi? Na taɓa gaya masa amfanin da aikinsa ya yi mana? Wadda ba na biya, yaushe rabon da in ce mata, "Sannu, tuwon nan ya yi daɗi," a gaban yara? Na saya mata tukunya mai kyau da itace busasshe, ko kuwa na bar ta tana fama da hayaƙi? In za a sāke wani abu a aikinta, ina tambayarta? Shugabannin ekklesiya kuma su duba, malamin makarantar Lahadi yana da alli da littafi? In ya hau mota don aikin jama'a, an mayar masa da kuɗin motarsa? Akwai iyayen da suka taɓa zuwa suka ce masa, "Malam, yaronmu ya koyi karatu a hannunka"?

Ku zauna da iyali bayan tuwon dare, kowa ya faɗi aikin da ya taɓa yi wanda ya fi masa daɗi, ya kuma faɗi dalili. Muna tsammani za ku ga kaɗan ne za su ambaci kuɗi. Yawanci za su ambaci ranar da suka gama wani abu mai wuya, wani ya amfana, wani kuma ya gani ya yaba. Ku rubuto mana abin da kuka ji.

Damina za ta sāke zuwa, kogin Haɗeja zai sāke cika, za a sāke neman masu ɗaukar buhu. Waɗanda za su fito su ne waɗanda aka riƙe da gaskiya a bara. Allah ya ba mu ikon riƙe ma'aikatanmu haka, don in an tambaye su, "Ina aiki?" su amsa da zuciya ɗaya.